Dodeken mai lakabin "kashi 99, babu ruwa": na saya, na gwada, ga yadda muka ƙare da shi

Wata huɗu ke nan da kwalbar nan ta iso lab ɗinmu, yanzu saura ɗan guntun man kawai, to ina ga lokaci ya yi da zan faɗi ra'ayina a kanta, musamman don 'yan uwa masu karatun kemistiri da aikinsu ya shafi haske ko radiyeshan. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don in za a bi gaskiya ba su yi min ƙarya ba, ni ne na karanta takardar jikin kwalbar da idon mai son banza, na ɗauka tunda na biya kuɗi mai kauri to na tsallake wahalar wanki. Ashe wankin na nan yana jirana.

Ga wanda bai san shi ba, dodeken ruwa ne garau kamar ruwan sha, ƙwayarsa kabon 12 ne a jere kamar carbi da haidirojin 26 a jikinsu, kuma yana cikin abubuwan da suka haɗu suka zama kananzir da man jirgin sama. Ranar da na yi ƙoƙarin yi wa Umma bayani a waya sai da ta yi shiru sannan ta ce, "Yanzu kai duk nisan nan da ka yi kananzir ka tafi karantowa?" Na ce, "Umma ai wannan tataccen ne, ba irin na aci-bal-bal ba." Ta ce to Allah ya ba da sa'a, amma daga jin muryarta ba ta gamsu ba. Kuma ƙanshinsa ma haka yake, ɗan kananzir-kananzir amma sama-sama, ba ya hawa kai kamar hekzen, ƙaninsa mai kabon 6.

Bari in fara da abin yabo. Shiryawar kam sun iya. Kwalbar gilashi ce mai lita ɗaya, an toshe bakinta da roba an ɗaure da murfin ƙarfe yadda ba sai ka buɗe ba, allura za ka soka ka zuƙo, an kuma sa ta cikin gwangwani an cika gefe da abin tsotse ruwa ko da za ta fashe a hanya. Da tsakiyar hunturu ta iso, kuma da yake dodeken yana daskarewa a kusan digiri 10 ƙasa da sifili, da na buɗe kwalin sai na tarar rabinsa ya yi fari ya kama kamar man shanu da safiyar sanyi, na tsorata na ɗauka ya lalace, Farfesa ya leƙo ya ce in ajiye shi a kan tebur in je in sha shayi. Kafin in dawo ya narke tas. Takardar binciken da suka haɗo da ita ma ba laifi, ta nuna tsaftarsa ta haura kashi 99 ɗin da suka yi alkawari, ruwan da ke ciki kuma an auna shi da hanyar Karl Fischer, ɗan mitsitsi ne. Da muka sake dubawa da namu injin ba mu kama su da ƙarya ba.

To ina matsalar? Sai na ɗan yi bayanin aikin da nake yi da shi, in ba haka ba ƙorafina zai zama kamar na wanda ya ƙoshi.

Abin da muke aunawa shi ne saurin tafiyar ayon a cikin ruwan mai, wato in ka sa ƙwayar sinadari mai caji a tsakanin faranti biyu masu lantarki, da wane sauri za ta ratsa. Dabarar ita ce a harba wa ruwan eksire, irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, na ɗan ƙanƙanin lokaci, nanosakan ɗaya ko biyu, kuma nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. Eksiren nan sai ya fizge ilektiron, ɗan mitsitsin nan mai cajin negatif, daga jikin wasu ƙwayoyin dodeken, ilektiron ya yi tsalle ya faɗi can gefe, a bar uwar da cajin fosatif. Da a cikin ruwan sha ne da shi ke nan sun rabu, don ruwa yana dushe jan da ke tsakaninsu sosai, amma mai ba ya dushewa, lambar da ake auna wannan da ita kusan 2 ce a dodeken alhali ta ruwa kusan 80 ce. Wani masani ɗan Norwe, Lars Onsager, tun 1938 ya yi lissafin wannan abu: akwai wata tazara da in ma'auratan nan ba su wuce ta ba to jan da ke tsakaninsu ya fi ƙarfin zafin da ke kaɗa su, kuma a irin wannan mai a zafin ɗaki tazarar ta kai wajen nanomita 28, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ilektiron ɗin kuwa yawanci bai kai can ba yake tsayawa. Shi ya sa mafi yawansu, fiye da kashi 90, yaji kawai suke yi, su koma ɗakinsu. Kaɗan ne ke ficewa gaba ɗaya.

Mu kuma sai mu zuba wani sinadari mai ƙyalli a ciki, ni para-tafinil nake sawa, ɗan kaɗan, wajen 0.001 na mola a lita, mola kuwa shi ne mudun da muke auna yawan ƙwayoyin sinadari da shi. Shi ne ke cafke ilektiron ɗin nan da nan, wata ƙwayarsa kuma ta karɓi cajin fosatif ɗin, to in suka sake haɗuwa sai ƙwayar ta ɗau zafi ta saki haske, hasken da ido ba ya gani, mai tsawon zango wajen nanomita 340, kuma cikin kusan nanosakan ɗaya take sakinsa, wanda shi ne amfaninta, ba ta jan ƙafa. Ke nan duk ɗigon hasken da na'urarmu ta ƙirga shaida ce cewa wasu ma'aurata sun koma a daidai wannan lokacin. Ɗaya-ɗaya ake ƙirga su, a yi ta harbi ana tarawa har a samu layin da ke nuna yadda hasken ke mutuwa da lokaci.

Daɗin abin yana nan: sai a yi gwajin sau biyu, ɗaya babu lantarki a farantan, ɗaya an kunna mai ƙarfi, misali kilobolt 30 a kowace santimita. Lantarkin yana jan fosatif gabas yana jan negatif yamma, to waɗanda suka daɗe ba su koma ba sai ya raba su har abada, hasken ƙarshe-ƙarshen ya ragu. In ka raba layin mai lantarki da layin mara lantarki za ka ga sakamakon yana gangarowa da lokaci, kuma tsananin gangaren ya dogara ne da jimillar saurin ayon biyun da kuma ƙarfin lantarkin sau kansa. Da dokar Einstein ta 1905 da ta haɗa saurin tafiya da yawon watsuwa sai lissafin ya fito. Masanan Nobosibirsk da ke Saiberiya a Rasha, su Borovkov da abokan aikinsa, su suka gina wannan hanya a shekarun 1990, kuma abin da ya sa nake sonta shi ne tana kama ayon da ba sa rayuwa har su kai faranti. Tsohuwar hanya sai ka jira ayon ya ratsa daga wannan faranti zuwa wancan ka auna lokacin, to wanda zai mutu cikin nanosakan 100 ina zai kai? Ku duba lissafin: mu ɗauka jimillar saurin 0.0005 ce a ma'aunin da ake amfani da shi, a kilobolt 30 ɗin nan santimita 15 kacal za su yi a daƙiƙa, kunkuru ma zai ba su rata in ya dage, a nanosakan 100 kuwa nanomita 15 ne. Amma nanomita 15 ɗin nan kusan rabin tazarar Onsager ce, shi ya sa haske ke jin ta.

Yauwa, yanzu mu dawo kan kwalba.

Ranar farko na zuƙo kai tsaye daga ciki, na narka tafinil ɗina, na cire iska, na ɗora. Abu na farko da na lura hasken ya yi rauni a kan na tsohon samfurin da wani ɗalibi da ya gama ya bari a firij, wanda shi da hannunsa ya wanke nasa. Na ce ƙila na'ura ce ba ta gama ɗumi ba. Na bari ta kwana tana ƙirga. Da safe na raba layukan biyu, maimakon gangare mai kyau sai ga wani abu ya fara da tudu ya lanƙwashe a tsakiya, wutsiyar kuma duk hayaniya don hasken can ƙarshe ya yi kaɗan. Kwana uku ina zargin komai banda man, na zargi wayar lantarki, na zargi tagar da eksire ke shiga, har kwamfuta na zarga. Farfesa ya zo ya tsaya a bayana ya kalli allon ko minti ɗaya bai yi ba ya ce, "Ka wanke man?" Na ce, "Farfesa ai na kashi 99 ne, ga takardarsa." Ya ce, "To ɗayan fa?"

Wallahi tambayar nan ta fi duk wata lacca da na zauna a shekarar. Na koma na ɗau biro. Lita ɗaya ta dodeken giram 750 ce, nauyin mola ɗaya giram 170, ke nan akwai mola 4.4 a lita. Kashi ɗaya cikin ɗari na wannan wajen 0.04 ne. Ni kuma tafinil ɗin da nake ta lallaɓawa ina aunawa a sikeli mai lamba biyar 0.001 ne. Wato baƙin da ban gayyata ba za su iya ninka wanda na gayyata sau 40, kuma duk da haka takardar kwalba ba ta yi ƙarya ba. Ko da rabin kashi ɗaya ne dattin, har yanzu sun fi shi yawa nesa ba kusa ba.

In za a yi adalci ba duka dattin ne mugu ba. Mafi yawansa 'yan uwan dodeken ne, mai kabon 11 da mai kabon 13, waɗannan ba ruwansu da kowa. Masu ɓarnar su ne masu reshe a jiki, da masu ɗaurin kabon biyu da ake kira olefin, da ɗan burbushin dangin benzin, don fizge musu ilektiron ya fi sauƙi a kan dodeken, saboda haka da cajin fosatif ya gamu da ɗayansu sai ya koma kansa ya zauna. A ruwa mai kaurin dodeken irin wannan gamuwa in dattin ya kai 0.01 cikin kamar nanosakan 10 take faruwa, in 0.001 ne cikin kamar 100, daidai tagar da nake leƙawa ta ciki ke nan. To ka ga abin da nake aunawa ba saurin ayon ɗin tafinil ba ne, gauraye ne na shi da na wasu da ban san sunansu ba, wasunsu ma in sun haɗu da abokin nasu ba haske suke bayarwa ba. Kamar ka je ƙirga shanun mutum ɗaya a mashaya ranar kasuwa.

Sai wanki. Wanda bai taɓa yi ba ya shirya rasa mako guda, ni kwana tara ya ci min don na yi sakaci a tsakiya. Ana zuba man a kan asid ɗin salfa mai kauri, wanda in aka tsarma shi da ruwa shi ne ruwan batir da kuka sani, a bar shi yana juyawa. Dodeken ba ya kula asid ɗin, olefin da dangin benzin su ne ke kamuwa su gangara ƙasa. A nan ne na ga abin da idona ya yarda da shi fiye da lissafi: asid ɗin da na zuba fari tas, washegari ya koma ruwan ɗorawa mai duhu kamar shayin da aka manta a buta. Na zubar na sa sabo, ya fito da ɗan rawaya-rawaya, sai a karo na huɗu ya fito yadda ya shiga. Daga nan a wanke da ruwa, a bi da ruwan bekin soda don kashe ragowar asid, a sake wankewa, a busar, a tace ta tururi a kan sodiyam, kuma da yake sai digiri 216 yake tafasa gara a rage iskar cikin tukunyar don ya tafasa da wuri, sannan a bi da shi ta cikin dogon bututu mai garin alumina da aka gasa. Sakacin da na yi shi ne na shafa man shafawa na mahaɗar gilashi a bakin famfon, na manta dodeken yana narkar da shi, sai da na sake bi ta alumina. Ku nemi famfo mai Teflon, robar nan da ba ta buƙatar man shafawa, ku huta. Kuma don Allah asid ɗin nan da sodiyam ba abin wasa ba ne, kar wanda ya taɓa su shi kaɗai a lab ko babu tabarau da safar hannu, sodiyam in ya ga ɗigon ruwa wuta yake kamawa.

Bayan wankin na sa shi a na'urar auna shan haske, kafaɗar da ke wajen nanomita 260 inda dangin benzin ke sha ta ɓace, gefen 200 zuwa 220 ma ya sauka sosai. Da na maimaita gwajin eksire hasken ya ƙaru, wutsiyar ta yi tsawo, gangaren ya miƙe yadda lissafi ya ce, kuma da na sauya ƙarfin lantarkin ya bi sau-kansa ɗin nan daidai. Lambar da na samu ta zauna inda ake tsammani in aka gwada da hekzen ta dokar Walden, wadda ta ce in kaurin ruwa ya ƙaru saurin ayon yana raguwa daidai gwargwado, dodeken kuwa ya fi hekzen kauri fiye da sau huɗu, kusan 1.4 a kan 0.3. Daren nan na yi barci har da minshari.

Akwai abin da ba zan ɗora wa kamfanin ba, shi ne oksijin. Duk man da ya sha iska yana ɗauke da oksijin wajen 0.002 na mola a lita, ya ma fi tafinil ɗina yawa, kuma shi ɓarna biyu yake yi, ya sace ilektiron ya kuma kashe ƙyallin kafin ya fito. Ko da an rufe kwalba da naitirojin, da ka zuƙo ka zuba a wani mazubi ya shiga. Maganinsa a daskarar da samfurin da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, a zuƙe iskar sama da famfo, a rufe a bari ya narke kumfa ta fito, a sake, sau uku ko huɗu har kumfa ta daina. A nan dodeken ya burge ni, ba ya tsere wa famfo kamar hekzen da in ka yi wasa sai ka tarar samfurinka ya ragu adadin da ka auna ya canza.

Abin da zan ɗora musu kuwa robar bakin kwalbar ce. Bayan suka kamar goma sha biyu ta fara sakin ƙananan ɓarɓashi a ciki, ina ganinsu suna yawo in na ɗaga kwalbar ga fitila. Ga wani aikin wannan ba komai ba ne, amma faranti biyu da milimita ɗaya ce tsakaninsu ga dubban bolt a kai, ɗan ƙura ɗaya ko kumfa ɗaya ya isa ya jawo tartsatsi. Sau ɗaya ya faru da ni, da wani ɗan samfuri da na zuƙo kai tsaye don gwada tsayuwar lantarkin, na ji ƙas, na'urar ta kashe kanta, ruwan ya ɗan yi duhu a gefen faranti, sai da na kwance komai na goge. Tun daga ranar na cire murfin ƙarfen gaba ɗaya na juye abin da ya rage a kwalbar gilashi zalla. Na rubuta musu a kan haka, na kuma tambaya ko za su iya gaya min nawa ne olefin a cikin ragowar kashi ɗayan, amsa ta zo da wuri kuma cikin ladabi, amma takardar da ke cikin kwalin suka sake turo min. Na fahimta, ba abin da suke aunawa ba ne, sai dai da sun ce min hakan kai tsaye da ya fi.

To wa ya kamata ya saya? In aikinka haɗa sinadarai ne da ba sa son ruwa, ko kana neman abin da zai tsaya a madadin kananzir a gwajin ƙonewa, ko ma'aunin kwatance a injin rarrabe gas, saya ka yi amfani da shi yadda ya zo, ya cika alkawarinsa, zan ba shi huɗu da rabi cikin biyar. Masu nazarin yadda radiyeshan ke lalata man da ake tace makamashin nukiliya da shi, don dodeken na cikin abubuwan da ake tsarma sinadarin cire yuraniyam da su, su dai su duba abin da suke nema tukuna. Mu masu ƙirga haske bayan eksire kuwa uku zan ba shi, kuma ukun ma don asid sau huɗu ya ishe shi ne, ɗalibin da ya riga ni ya rubuta a littafin lab cewa mai arhar da ya saya sai da ya canza masa asid sau bakwai.

Abin da ya fi ci min rai bayan na huce shi ne kuɗin "babu ruwa" ɗin da na biya. Shi ne ya ɗaga farashin, shi ne dalilin robar da ta ba ni wahala, ni kuma da hannuna na ɗauki man na wanke shi da ruwa har sau biyar sannan na sake busar da shi. Odar da na tura makon jiya ta kashi 99 ce ta kamfanin dai, amma mai murfin murɗawa, lita biyu da rabi, na haɗa da sabon garin alumina don namu ya kusa ƙarewa.